Hotunan Izgili na Masu Musun Allah: Yadda Ake Ƙera Su da Yadda Musulmi Zai Fuskance Su

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ƙagi hankali, ya sanya shi fitila ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurare, darasinmu na yau ya shafi wani abu da ya shigo gidajenmu ba tare da sallama ba. Bayan an sha ruwa an yi asham, matasa kan koma fada su ɗora shayi, kowa da salularsa a hannu. A cikin abin da ke gilmawa gaban idonsu akwai ƙananan hotuna masu ɗauke da rubutu layi ɗaya ko biyu, da Faransanci ko Turanci ko Larabci, wani lokaci har da Hausa. Akasarinsu na raha ne kawai. Amma akwai waɗanda mulhidai, wato masu musun samuwar Allah, suke ƙerawa don yi wa addini ba'a. Iyaye da dama ba su taɓa ganinsu ba, alhali ƴaƴansu suna ganinsu dare da rana. Za mu yi bayanin asalin waɗannan hotuna, da yadda ake gina su, da abin da suke faɗa, da kuma abin da ya wajaba a kanmu game da su.

Asalin abin

Turawa suna kiran irin wannan hoto mim. Wanda ya ƙago kalmar shi ne Richard Dawkins, wani masanin halittu ɗan Ingila, a cikin littafinsa na 1976 kan ƙwayoyin gado. Abin da yake nufi da ita shi ne duk wani guntun tunani da ke tsallakawa daga kan wani zuwa kan wani ta hanyar kwaikwayo, kamar amshin waƙa ko karin magana ko salon ɗinki. Wannan mutum shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin ilhadi na zamani. A 2006 ya fitar da littafi sukutum yana da'awar cewa imani da Allah ruɗu ne. Tsakanin 2004 da 2007 wasu marubuta uku, Sam Harris da Daniel Dennett da Christopher Hitchens, su ma suka fitar da nasu littattafan a kan wannan turba. Hare-haren 11 ga Satumba 2001 a Amurka suna cikin abin da ya ingiza wannan guguwa, shi ya sa Musulunci ya samu kaso mai yawa na sukar, ko da yake Kiristanci ne addinin da suka fi sani, shi suka fi yi wa ba'a.

Littafi yana buƙatar kuɗi da lokaci da haƙurin karatu. Hoto ba ya buƙatar ko ɗaya. Da kafofi irin su Facebook da WhatsApp suka bazu, sai mabiyan waɗancan marubuta suka dinga gutsuro maganganunsu suna liƙawa jikin hotuna. Abin da aka rubuta cikin shafuka ɗaruruwa ya koma kalmomi goma, ya ƙetare teku, aka fassara shi, har ya iso Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai.

Kada mu ɗauka cewa wannan dabara sabuwa ce. Malaman tafsiri sun ambata cewa wani daga cikin manyan Ƙuraishawa, wasu suka ce Ubayyu ɗan Khalaf, wasu suka ce Asi ɗan Wa'il, ya ɗauko ruɓaɓɓen ƙashi ya zo gaban Manzon Allah (S.A.W.), ya murtsuke shi da hannu, yana tambaya cikin izgili ko wannan ne za a rayar. Ku duba da kyau: abu ne da ido zai gani, tare da magana guda gajera, don jama'a su yi dariya. Wannan shi ne hoton ba'a na wancan zamani. Amsar ta sauka a ƙarshen Suratu Yasin, daga aya ta 77, kuma ba zagi ba ce. An tunatar da mutumin farkon halittarsa da ya manta, aka nuna masa cewa wanda ya fari abu ba zai gaza maimaita shi ba. Haka kuma Nadru ɗan Haris ya kasance yana zama a majalisar da Annabi ya tashi, yana ba mutane labaran jaruman Farisa, Rustum da Isfandiyar, don ya nuna cewa Alƙur'ani tatsuniya ce irin tasa. Masu cewa zamani ne kawai yake halaka mutane, babu wata rayuwa bayan wannan, an ambace su a Suratul Jasiya aya ta 24, daga nan ne malamai suka samo sunan Dahriyya. Abin da ya sauya a yau shi ne saurin tafiya da yawan masu gani.

Yadda ake ƙera hoton

Bahaushe ya san zambo. Idan maroƙi ya yi wa mutum zambo mai daɗin amshi, yara za su riƙe shi ko da ƙarya ne, domin daɗin faɗa ne ya raya shi, ba gaskiyarsa ba. Haka hoton izgili yake. Idan muka warware shi za mu tarar da dabaru huɗu.

Ta farko ita ce gajartawa. Ana jefa tuhuma cikin layi ɗaya, amsarta kuwa tana buƙatar zama da shimfiɗa. Mai jefa dutse a rijiya ba ya gajiya, mai ciro shi ne yake shan wahala. Wanda ya ga tambaya gajera bai ga amsa gajera ba, sai ya zaci babu amsa.

Ta biyu ita ce jera abu biyu da ba su da haɗi. A sa hoton kumbo yana tashi a gefe guda, a sa hoton mutane suna addu'a a ɗaya gefen. Ba a kawo hujjar cewa ɗayan yana hana ɗayan ba, an bar ido ya yanke hukunci kafin hankali ya farka.

Ta uku ita ce yanke nassi daga mahallinsa. A ɗauko rabin aya da ta sauka a kan yaƙi da mutanen da suka warware alkawari, a ɓoye abin da ya gabace ta da abin da ya biyo ta, a gabatar da ita tamkar umarni ne a kan kowa a kowane lokaci. Wani lokaci ma a jingina magana ga wani masani ko wani malami alhali bai faɗe ta ba.

Ta huɗu, wadda ta fi kowace ƙarfi, ita ce dariya. Mutum yana jure a ce ya yi kuskure, amma ba ya jure a yi masa dariya. Saurayin da ya ga dubban mutane suna dariyar abin da ya yi imani da shi, kunya ce take fara kama shi kafin shakka. Ba a rinjaye shi da hujja ba, an sa masa tsoron a kira shi baƙauye.

A bayan waɗannan dabaru akwai na'urar da ke zaɓar abin da za a nuna wa kowa. Kamfanonin suna cin riba ne da tsawon lokacin da mutum ya ɓata yana kallo, saboda haka suna ɗaga duk abin da ya jawo martani da yawa. Takardun cikin gida na kamfanin Facebook da suka fito fili a 2021 sun nuna cewa a wani lokaci an ba alamomin motsin rai, har da alamar fushi, nauyi ninki biyar a kan alamar so. Ma'anar wannan ita ce, Musulmin da ya ga hoton ɓatanci ya zauna yana zuba tsinuwa a ƙarƙashinsa, ko ya tura wa abokai yana cewa su zo su ga abin da aka yi, shi da kansa ya ƙara wa hoton fukafukai.

Abin da hotunan suke faɗa

Duk yawansu, maganganunsu ƴan kaɗan ne ake ta juyawa. Bari mu ɗauki manyan.

Na farko: idan Allah ne ya halicci kome, wa ya halicce shi? Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ba da labarin wannan tambaya tun kafin a yi salula, ya bayyana cewa Shaiɗan zai ja mutum daga tambaya zuwa tambaya har ya kai shi nan, ya kuma yi umarni da neman tsari da dakatawa. Dakatawar ba gudun hujja ba ce, domin tambayar a karan kanta gurguwa ce. Abin da ya faru bayan babu shi ne yake buƙatar mai samarwa. Da kowane mai samarwa yana buƙatar wani a bayansa har ba iyaka, da babu abin da zai samu. Ku ɗauka mutum yana neman rancen jika guda, wanda ya tambaya ya ce sai ya ranto daga wani, wancan ma ya ce sai ya ranto, haka har abada. Kuɗin ba za su taɓa isowa ba. Idan muka ga sun iso hannu, mun san akwai wanda ya mallake su bai ranta ba. Suratu Ɗur aya ta 35 da 36 ta tsayar da mai musu tsakanin zaɓi biyu da hankali ba ya karɓa: ko ya samu ba da mai samarwa ba, ko shi ya samar da kansa. Jubairu ɗan Muɗ'im ya ji Annabi yana karanta su a sallar magariba tun yana mushriki, ya ce zuciyarsa ta kusa tashi.

Na biyu: kamanta Allah da abin dariya da ba a gani. A 1952 masanin falsafa Bertrand Russell ya buga misali da butar shayi da ke kewaya rana tsakanin duniya da tauraron Mirrihu, wadda ba wanda zai iya tabbatar da babu ita. A 2005 wani matashi Ba'amurke ya rubuta wa hukumar ilimi ta jihar Kansas wasiƙa, ya ƙago dodon taliya mai tashi sama, ya ce shi ma a koyar da shi a matsayin mahalicci. Hoton wannan dodo yana cikin waɗanda suka fi yawo. Manufarsu ita ce mai da'awa shi ne zai kawo hujja. A kan wannan ba mu da jayayya da su, domin Alƙur'ani da kansa ya nemi masu da'awa su kawo dalili, kamar a Baƙara aya ta 111. Inda misalin ya karye shi ne, buta da taliya abubuwa ne cikin halitta, suna da wuri da siffa, kuma samuwarsu ko rashinta ba ta bayyana kome. Musulmi ba ya da'awar wani jiki da ya ɓuya a sararin sama. Yana magana ne a kan wanda sararin da kansa ya dogara da shi, wanda Suratush Shura aya ta 11 ta kore masa kama da kowane abu. Wanda ya rusa gunkin da ya sassaƙa da hannunsa bai taɓa aƙidarmu ba.

Na uku: addini kishiyar kimiyya ne. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Kalmar da Turawa suke kiran tsarin lissafin da ke tura waɗannan hotuna, algoritim, an samo ta ne daga sunan Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, masanin lissafi na Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun. Ibnul Haisam ya aza harsashin ilimin gani da haske ta hanyar gwaji. An daɗe ana karantar da littafin likitanci na Ibnu Sina a jami'o'in Turai. Wanda ya gabatar da ra'ayin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, Georges Lemaître, limamin coci ne ɗan Beljiyam. A ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Kimiyya tana amsa tambayar yadda abu yake gudana. Ba ta da ma'aunin da za ta auna dalilin samuwarmu, ko ta gaya mana cewa zalunci mummuna ne. Manomin da ya san yadda gero yake tsira bai zama mai musun wanda ya saukar da ruwa ba.

Na huɗu: addini ne yake haddasa yaƙi. Ba mu musun cewa an zubar da jini da sunan addini. Mutanen Diffa da Bosso sun fi kowa sanin abin da Boko Haram ta aikata, kuma mafi yawan waɗanda ta kashe Musulmi ne. Amma yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945 ba a kan masallaci ko coci aka yi su ba. A 1967 gwamnatin Enver Hoxha ta rufe masallatai da coci-coci a Albaniya ta haramta ibada. A Kambodiya, tsakanin 1975 da 1979, gwamnatin da ta yaƙi addini ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa, har da Musulmin ƙabilar Cham. Ba mu ce kowane mulhidi yana ɗauke da wannan laifi ba, kamar yadda ba mu yarda a ɗora wa kowane Musulmi laifin ƴan ta'adda ba. Abin da tarihi ya nuna shi ne, mai son mulki da jini yana sanya duk rigar da ya samu.

Na biyar shi ne mafi nauyi, kuma bai kamata a amsa shi da gaggawa ba. A nuna yaro mai fama da yunwa, a rubuta cewa ina Allah yake. Wannan tambaya ta girmi intanet da ƙarnuka, masana falsafar Girka sun tattauna ta. Mu da muka ga fari na 1973 da na 1984 da ƙarancin abinci na 2005 mun san zafinta ba a hoto ba. Musulunci bai taɓa alkawarin cewa duniya gidan hutu ba ce. Ya kira ta gidan jarrabawa, ya sanya cikar adalci a lahira, kuma annabawa ne suka fi kowa shan bala'i. Sannan bai ce a ɗaga hannu a zauna ba. Annabi Yusufu ya tanadi hatsi na shekara bakwai. A shekarar fari da ake kira shekarar toka, shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya yi roƙon ruwa, ya kuma rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya haramta wa kansa nama da man shanu har jama'a suka samu sauƙi. Yaron da ke cikin hoton hujja ce a kan mai rumbu da ya hana zakka, da mai ɓoye hatsi yana jiran tsada. Idan kuwa aka cire Allah da hisabi daga lissafi, yunwar yaron ba ta ragu ba, abin da ya ragu shi ne fatan cewa za a bi masa hakkinsa.

Inda zambo ya samu makama

Adalci wajibi ne ko ga wanda muke ƙi, kamar yadda Ma'ida aya ta 8 ta hukunta. Wasu daga cikin hotunan suna cin kasuwa ne saboda sun taɓa wani miki na gaske. Akwai mai rawani da ke cin dukiyar mutane da sunan addu'a. Akwai mai hana marar lafiya zuwa likita, alhali Buhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Akwai ƙananan almajirai da ke kwana a tasha ba mai tambayar cinsu. Akwai labaran mu'ujizar ƙarya da ake yaɗawa a WhatsApp, waɗanda yaro mai karatun boko zai gane ƙarya ne cikin minti guda, daga nan ya fara tuhumar har abin da yake gaskiya. Duk waɗannan addini ya riga mulhidi yin tir da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyara su yana cikin manyan hanyoyin mayar da martani.

Abin da ya wajaba a kanmu

Na ɗaya, kada mu zama ƴan aiken ɓatanci. Wanda hoto ya iso wa ya share shi, kada ya tura, ko da nufinsa faɗakarwa ne. Nisa'i aya ta 140 da An'am aya ta 68 sun hana zama inda ake izgili da ayoyin Allah, kuma zauren salula majalisa ce. Wanda ba shi da ilimin amsawa ya fita ya toshe.

Na biyu, kada mu rama zagi da zagi. An'am aya ta 108 ta hana zagin abin da wasu suke bauta wa don kada su rama a kan Allah cikin jahilci. Ƙuraishawa sun juya sunan Annabi zuwa kishiyarsa suna zagi, shi kuwa ya nuna wa sahabbai cewa Allah ya karkatar da zagin daga gare shi, tunda sunan da suke zagi ba nasa ba ne. A Suratul Hijri aya ta 95 Allah ya ɗauke masa nauyin masu izgili.

Na uku, kada fushi ya kai mu ga zalunci. A ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, zanga-zanga a kan zanen da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. An ƙona coci-coci da dama, kimanin mutum 10 suka rasa rayukansu. Masu zanen suna Faransa, waɗanda aka cutar kuwa maƙwabta ne ƴan ƙasa da ba su zana kome ba. Hotunan wutar suka zama sabon makami a hannun masu suka. Kishin Manzon Allah wajibi ne, amma kishinsa shi ne bin sunnarsa. Hukunci kuwa na hukuma ne, ba na taron jama'a ba.

Na huɗu, wanda ya fi shafar iyaye da malamai: mu bambanta mai izgili da mai tambaya. Yaron da ya zo da hoto yana tambaya bai kafirta ba, amana ce ya kawo mana. Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai kukan waswasin da suke jin nauyin furta shi, Annabi bai kore su ba, ya shaida musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, labarin yana Baƙara aya ta 260. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya ratsa zamanin shakka, ya fito ya zama garkuwar aƙida. Idan aka amsa tambayar yaro da mari ko tsinuwa, ba zai daina tambaya ba, zai daina tambayarmu ne kawai, ya koma wurin waɗanda suka ƙera hoton. Uban da bai san amsa ba ya kama hannun ɗansa su tafi wurin malami.

Na biyar, malamai su shirya. Bai isa ɗalibi ya haddace siffofin Allah ba tare da sanin dalilansu ba. Makarantun Islamiyya da zaurukan tafsiri su ware lokacin tambaya, inda saurayi ko budurwa za su rubuta abin da ya dame su ba tare da an tona sunansu ba. Masu ilimin addini da suka iya Faransanci da Turanci su shiga fagen da hikima da kyakkyawar muhawara, kamar yadda Nahli aya ta 125 ta tsara.

Ya ku ƴan'uwa, azumi horo ne na kamewa. Wanda ya iya kame bakinsa daga ruwa a zafin bazara zai iya kame yatsansa daga tura abin da Allah ba ya so. Mu koya wa ƴaƴanmu su yi wa kowane hoto tambaya uku: wa ya ƙera shi, me ya ɓoye, ina hujjarsa idan aka cire dariyar?

Allah ya tabbatar da zukatanmu a kan imani, ya shiryi zuriyarmu, ya shiryi wanda ya ɓace, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.